Tayin sulhun 1778: wa ya rufe ƙofa, Ingila ko Amurkawa?

Malam Habu: Ni dai a ganina shugabannin Amurka ne suka tsawaita yaƙin neman 'yanci. A 1778 Ingila ta turo tawaga ƙarƙashin Lord Carlisle, ta ce ta haƙura da ɗora musu haraji, su ci gaba da mulkin cikin gida. Ba harajin ne ya haddasa rigimar ba tun farko? Majalisar Amurkawa ta ƙi, aka yi ta zubar da jini har 1783.

Binta: Malam, ka tsallake 1775. A watan Yuli majalisar ta aika wa Sarkin Ingila George na Uku takardar roƙon sulhu. John Dickinson ne ya tsara ta, mutumin da daga baya ya ƙi sa hannu a takardar ayyana 'yanci saboda bai fid da rai da sulhu ba. Sarki bai ko duba ta ba, a Agusta ya kira su 'yan tawaye.

Nura: Kuma Malam, a duba lokacin da tayin ya zo. Janar Burgoyne na Ingila ya miƙa wuya ga Amurkawa a Saratoga a Oktoban 1777. A Fabrairun 1778 Faransa ta ƙulla ƙawance da Amurka, da sharaɗin babu mai yin sulhu shi kaɗai. Tsoron Faransa ne ya taso da Carlisle.

Malam Habu: Na ji, Nura. Amma wa ya tambayi talaka? Dubban masu biyayya ga sarki sun rasa gonaki da gidaje, da yawa suka ƙare a Kanada. Shugabannin kuwa sun san idan aka koma ƙarƙashin sarki, wuyansu na cikin haɗari. Wannan ba ya cikin lissafinsu?

Binta: Yana ciki, ba na musu. Wahalar mutanen nan ma gaskiya ce, tana damuna. Sai dai tawagar da kanta ta ɓata rawarta da tsalle: George Johnstone, ɗaya daga cikinsu, ya nemi ya ba Joseph Reed, ɗan majalisar Amurka, cin hanci, asiri ya tonu. Majalisa ta ce ko dai a amince da 'yancinsu, ko a kwashe sojoji da jiragen yaƙi, sannan a zauna. Carlisle ba shi da ikon ko ɗaya.

Nura: Malam, da kai ne a majalisar, za ka saɓa wa Faransa alkawari saboda tayin da sai majalisar Landan ta sake tabbatar da shi?