Gulutin da Hausa: yauƙi ko danƙo?

Matan da ke koyon gashin burodi a ƙauyukan Kura da Bunkure, inda ake noman alkama da ruwan madatsar Tiga, suna yawan jin kalmar gulutin a bakin masu koyarwa, kuma har yanzu ba a tsayar mata da suna ɗaya ba. Wasu suna cewa yauƙi, wasu kuma danƙo. Ni dai ina bayan danƙo.

Garin alkama yana ɗauke da furotin iri biyu waɗanda, idan ruwa ya taɓa su aka kuma murza kwaɓin, suke sarƙewa su zama wani abu mai miƙewa ya koma, wato gulutin, kuma shi ne yake riƙe iskar da yis ke fitarwa har kwaɓi ya tashi. Shinkafa da gero da dawa ba su da shi. Dalilin ke nan da ake zuba ƙullin waina da ludayi a cikin tanda, alhali kwaɓin gurasa da hannu ake faɗaɗa shi a manna a jikin tanderu.

Yauƙi na kuɓewa ne da karkashi da lalo, yana da santsi, kuma idan aka ja shi tsinkewa yake yi. Duk mai shakka ya ɗebi curin kwaɓin alkama ya riƙa matsa shi a cikin kwanon ruwa. Ruwan zai yi fari saboda sitacin da ke fita, abin da zai rage a tafin hannu kuwa ɗan dunƙule ne mai tauri, wanda in an ja shi ya miƙe, in an sake shi ya koma. Babu Bahaushen da zai kira wannan yauƙi.

Masu suka suna cewa ai sakwara ma tana danƙo, ga shi babu alkama a cikinta. Gaskiya ne, amma danƙon sakwara daga sitaci yake, don haka sai mu ce danƙon alkama, a huta da ruɗani.

Kwaɓin fiza ne ya fi nuna dacewar kalmar. A Napoli ta ƙasar Italiya, inda hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu fiza cikin al'adun duniya a 2017, da yatsu ake buɗe kwaɓin ba tare da muciya ko kwalba ba. Idan mai koyo ta buɗe nata ya riƙa tsukewa, malama za ta iya ce mata, "Yarinya, rufe shi ki ba shi minti 20, danƙon zai saki," kuma za ta fahimta nan take.

A takardar likita da jikin fakitin abinci kuwa, gara a bar gulutin a rubuta danƙon alkama kusa da shi, domin sha'ir ma yana ɗauke da shi, kuma akwai masu ciwon hanji da likita ke hana su cin dukkansu biyun.