Neman shawara: mun biya kuɗin rajistar kamun ƙafa a Majalisa, har yau shiru

Sakataren Rani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mini, abin nan ya hana ni barci. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman rani a bakin kogin Galma, ta wajen Dakace a Zariya. Tun zamanin mahaifinmu ake noman tumatir da tattasai da albasa a fadamar nan. Shi ya fara haɗa mutane ana adashi don sayen injin ban-ruwa. Da ya rasu yayana ya riƙe littafin, da yayan nawa ya koma Kano aka miƙa mini, saboda ni ne mai rubuta wasiƙa da Turanci a cikinmu. Damuwarmu hanya ce. Akwai kwalbatin da ruwa ya cinye, mota ba ta shiga fadamar, sai a ɗauko kwanduna a ka ko a mashin har bakin titi. Kafin a kai kasuwa tumatirin ƙasan kwando ya riga ya fashe, dillali ya taya yadda ya ga dama.

To bara shugabanmu ya kawo wani surukinsa mazaunin Abuja. Surukin ya ce an canza tsari, yanzu ba ƙungiyar da za ta ga kwamiti a Majalisa sai ta yi rajista a matsayin mai kamun ƙafa, kamar yadda ake yi a ƙasashen Turawa. Ya ce kuɗin gwamnati naira dubu 350 ne, kuma takardar shaida tana fitowa cikin sati uku. Mu 70 ne, kowa ya kawo dubu biyar. Ni na karɓa, ni na tura. Ya aiko mana da rasit mai tambarin gwamnati. Ga shi wani ranin ya kusa kamawa, ba takarda, yanzu kuma ya ce fayil ya tsaya sai an ƙara dubu 120 na gaggautawa. Wani dattijo da ya sayar da kajinsa biyu ya biya nasa ya tare ni a ƙofar masallaci, bai zage ni ba, ya ce kawai, "Sakatare, in babu ka ce babu." Wallahi na fi jin wannan da zagi.

Tambayata: nawa ne ainihin kuɗin rajistar nan, wane ofishi ke yin ta, kwana nawa doka ta ba su, kuma in sun wuce lokaci ana mayar wa mutum kuɗinsa?

Maman Khalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya fid da kai, Malam. Amma wace Majalisar kake nufi, ta Kaduna ko ta Abuja? Ba ka faɗa ba. Ni dai maganar "fayil ya tsaya" ta tada mini tsohon miki. Haƙƙin maigidana, Allah ya jiƙansa, haka wani ofishi ya yi ta juya ni, yau mai sa hannu ya tafi ta'aziyya, gobe ba wuta. Ba wanda ya taɓa ce mini ga ranar da aikin zai fito. Marayu na gida, ni ina kan benci.

Malam Na-Samaru:
Sakatare, ka saurare ni da kyau. Wannan rajistar babu ita a Najeriya. Babu ofishinta, babu kuɗinta, babu wa'adinta. A 2016 Sanata Dino Melaye ya kawo ƙudirin rajistar masu kamun ƙafa a Majalisar Dattawa, aka yi muhawara a kai, amma bai zama doka ba. Abin da ba doka ba ne, wa zai yanka masa farashi? Ƙasashen da ya ambata maka kuwa, tsarinsu a rubuce yake. A Amurka dokar 1995 ce, mai kamun ƙafa yana da kwana 45 ya yi rajista, kuma ba ya biyan ko sisi. A Kanada rajista ta intanet kyauta ce. A Birtaniya ne ake biya, fam 1,000 a shekara ƙarƙashin dokar 2014, shi ma a kan masu yin kamun ƙafa sana'a ne, waɗanda ake biya su yi wa wani magana da ministoci. Ba a kan manomin da ya zo kukan hanyar gonarsa ba. Faɗa mini abu ɗaya: a wane asusu ka tura kuɗin?

Sakataren Rani:
Hajiya, ta Abuja ce. Malam, na gode, amma mutumin nan ba baƙo ba ne, 'yar shugabanmu yake aure, ya ci tuwo a gidana. Ni da idona na ga hotunansa a harabar Majalisa. Asusunsa na tura, don ya ce shi zai biya a can ya huta da mu zirga-zirga. Rasit ɗin kuma yana hannuna, kore ne, da hatimi da sa hannu. Ko dai sabon tsari ne da bai iso gare ku ba?

Malam Na-Samaru:
Bai iso gare ni ba don babu shi. Tun 2015 kuɗin gwamnatin tarayya asusun bai-ɗaya na TSA suke shiga, ta manhajar biyan kuɗi ta Remita, kuma kowane biya yana da lambar RRR mai lambobi 12. Duba rasit ɗinka. In babu wannan lambar, takardar shagon kwamfuta ce, a PZ nan Zariya ma za a buga maka irinta kafin ka gama shan ruwa. Kan wa'adi da ka tambaya: a watan Mayun 2017 Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya sa hannu a umarnin da ya tilasta wa hukumomin tarayya su bayyana sharuɗɗa da kuɗi da lokacin kowane aiki, a 2023 kuma Buhari ya sa hannu abin ya zama doka. A ciki har an ce in hukuma ta yi shiru wa'adi ya wuce, a ɗauka an amince da buƙatar. Ga kuma SERVICOM, ofishin sa ido kan aikin hukumomin gwamnati, tun 2004 don kai ƙorafi. Mayar da kuɗi kuwa, Kanada ce na sani ta sa shi a dokarta ta 2017, in hukuma ta gaza cika wa'adi ta rage wa mutum wani abu daga abin da ya biya. Amma duk wannan sai kuɗi sun shiga hannun hukuma. Naku suna aljihun mutum ɗaya.

Alhaji Mai Buhu:
Malam Na-Samaru, karatu daban, aiki daban. Ni ina fataucin masara tsakanin Giwa da Dawanau tun kana makaranta, ban taɓa ganin ƙofar da ta buɗe da doka kaɗai ba. Ko rajistar babu, mutumin yana da hanya, kuma hanya kuɗi take ci. Sakatare, ka ba shi rabin abin da ya nema, ka sa shi ya yi alkawari gaban surukinsa. In ka ɓata da shi yanzu, ba tsuntsu ba tarko. Mu nan haraji nawa ake karɓa a kan titi ba rasit, wa ya taɓa tsaya mana?

Ɗan Tudun Wada:
Haba Alhaji, a ƙara masa kuma? Sakatare, wannan damfara ce tsagwaronta. Ɗauki shaidar banki ka kai wa 'yan sanda ko EFCC gobe da safe. In ba ka riga su ba, membobinka kai za su kai, don sunanka ne a kan kuɗin.

Baban Nana:
A'a ɗana, kada a fara da hukuma. Akwai aure a tsakani, akwai 'ya'ya. A kira shugaba da liman da mai unguwa, a kira mutumin ya zo Zariya, a zauna bayan La'asar. In ya ƙi zuwa kowa ya gane.

Sakataren Rani:
Ba zan iya kai surukin shugabana wurin 'yan sanda ba, gonata da ta shugaban kunya ɗaya ce ta raba. Kuma ba ni kaɗai na yanke ba, a taro aka amince, yana cikin littafi. Lambar da Malam ya ce ban gan ta ba, amma akwai wata lamba a sama da lambar waya a ƙasa. Na kira, wata mata ta ɗauka ta ce ofis ne. Shi ya sa nake ganin ko da gaskiya a ciki.

Malam Na-Samaru:
Ofis ɗin wa? Ta faɗa maka sunansa? Ka daina nema masa mafita. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, ba ku bukatar kowa. Kakakin Majalisar Wakilai tun Yunin 2023, Abbas Tajudeen, mazaɓar Zariya yake wakilta. Ku rubuta takardar koke, ku haɗa da hotunan kwalbatin da sa hannun mutum 70, ku kai ofishin mazaɓa, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kyauta ne. Kwalbatin fadama ma ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha ya fi kusa, me ya kai ku Abuja? In rajista kuke so ta gaskiya, ku yi ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da amintattu, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi.

Maman Khalil:
Malam, ai manoma ƙungiyar gama-kai suke yi a jiha, ba CAC ba. Ta matan unguwarmu haka muka yi, kuma da ita muka sami bashi.

Malam Na-Samaru:
Hajiya, gama-kai don bashi da taki ce. Shi murya yake nema.

Sakataren Rani:
Muna da wata takarda tun lokacin yayana, ban san ko wacce ce a cikin biyun ba, tana Kano a wurinsa. Ofishin mazaɓa kuwa mutumin ya ce takardu sun yi yawa a can, tamu ɓacewa za ta yi, shi ya sa muka bi ta hannunsa. Jiya da dare shugaba ya zo gidana, ya ce a ba surukin nasa zuwa ƙarshen wata. Wasu 'yan kwamiti sun yarda a ranci dubu 60 daga kuɗin taki a tura masa, ni ban sa hannu ba tukuna. Taro ranar Asabar ne. Don Allah in akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan takardar shaidar da idonsa, ya yi mini magana kafin nan.

Alhaji Mai Buhu:
Dubu 60 ba ta yi yawa ba in aiki zai fito.

Malam Na-Samaru:
Kada ka taɓa kuɗin taki, Sakatare. Ka rufe sunan mutumin ka turo hoton rasit ɗin nan, mu ga sunan hukumar da ke kai.