"Kallabi tsakanin rawuna": ta dace da annabiya Debora?

Maman Tagwaye: Salama gare ku. An ba ni in yi magana a taron Zumuntar Mata a kan annabiya Debora, ta Littafin Mahukunta sura 4 da 5, sai na sa wa jawabin kan magana "Kallabi tsakanin rawuna". Wata 'yar'uwa ta ce in canja, wai ba yabo zalla ba ne. Ni dai abin da na taso ina ji, in mace ta shiga sahun manyan maza ta yi fice, haka ake ce mata. Iyayena da yayyena, ku warware mini.

Baba Dattijo: 'Yata, ba ki yi kuskure ba. Rawani alamar sarauta ne da malanta, kallabi kuwa na mata. In aka ce kallabi tsakanin rawuna, mace ce ta kai inda aka saba ganin maza kaɗai. Duba mahukuntan Isra'ila: Otniyel, Ehud, Shamgar, Gidiyon, Yefta, Samson da sauransu, duk maza, Debora ce kaɗai mace. Ina wanda maganar ta fi dacewa da shi?

Auta: Baba, da girmanka, ni ban gamsu ba. Wanda ake ce wa tsakanin rawuna, shi ne ya je fada ya samu gefen tabarma. Debora ba ta je fadar kowa ba. Littafin ya ce a gindin itacen dabino take zama, tsakanin Rama da Betel a ƙasar tuddai ta Ifraimu, Isra'ilawa su ne suke hawowa wurinta ta yi musu shari'a. Ita ce ta aika aka kira Barak ɗan Abinowam daga Kedesh ta Naftali, ba shi ya kira ta ba. Rawunan ne suka zo gaban kallabi.

Baba Dattijo: Auta, karin magana ba taswira ba ce da za ka auna wa ke zaune ina.

Auta: Haka ne Baba, amma tana ɗauke da hoto, hoton kuma shi mutane za su tafi gida da shi.

Gwaggo Mai Ɗinki: Ni ce irin wadda za ta ce a canja, bari in faɗi dalili. Ku saurari lokacin da ake faɗin maganar nan. A taro ake faɗinta, mai gabatarwa ya ga mace ɗaya a jerin kujerun gaba, ya yi mata kirari, a tafa. Yabo ne, ban musa ba, amma yabon mamaki ne, kamar ana cewa wurin ba nata ba ne, ta dai yi ƙoƙari ta iso. To ku karanta sura 4 a tsanake. Babu inda marubucin ya tsaya ya yi mamakin cewa mace ce ke shari'a. Ya ce annabiya ce, matar Lafidot, ita ke hukunta Isra'ila a lokacin, ya wuce. Mamakin namu ne, ba nasa ba.

Abu na biyu, labarin ba na mace ɗaya ba ne. Yabin, sarkin Kan'ana da ke mulki a Hazor, ya danne Isra'ila shekara 20, sarkin yaƙinsa Sisera na da karusan ƙarfe 900. Debora ta ce wa Barak ya tara mutum 10,000 daga kabilun Naftali da Zabaluna ya hau Dutsen Tabor. Barak ya ce in za ta tafi da shi zai je, in ba za ta ba, shi ma yana nan. Ta ce za ta je, amma darajar tafiyar ba za ta zama tasa ba, domin a hannun mace Ubangiji zai ba da Sisera. Duk mai karatu zai ɗauka kanta take nufi. Ashe Yayel ce, matar Eber Bakene. Sisera ya sauka daga karusarsa ya gudu da ƙafa, ya faɗa alfarwarta domin akwai zaman lafiya tsakanin gidan Eber da Yabin. Ya roƙi ruwa, ta buɗe salkar madara ta ba shi, ta lulluɓe shi, ya ce ta tsaya a ƙofa, duk wanda ya tambaya ta ce babu kowa. Da barcin gajiya ya kwashe shi, ta ɗauki turken alfarwa da guduma ta kafa masa a gefen kai har ya shige ƙasa. A waƙar sura 5 kuma ga mace ta uku, uwar Sisera, tana leƙe ta taga tana tambaya me ya hana karusar ɗanta dawowa, matan fadarta suna kwantar mata da hankali wai ganima ake rabawa, kowane jarumi yarinya ɗaya ko biyu. Wannan wurin kan tsaya mini a rai, don mata ne ke lissafin 'yan'uwansu mata a matsayin ganima. Kallabi uku ke nan a labari ɗaya, kowacce da inda ta dosa.

Ɗan Kwaya: Gwaggo kin tuna mini abin da kan ba ni dariya. Ibraniyawa 11:32 ta jero jaruman bangaskiya, Gidiyon, Barak, Samson, Yefta, Dawuda, Sama'ila. Barak na ciki, sunan Debora babu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Baba Dattijo: Kai yaro, wannan taka ce ba ta dace ba. Barak bai kwashe na kowa ba. Shi ya sauko daga Tabor da mutanensa ya tari karusai a kwarin Kishon, ya bi su har Haroshet. Kuma waƙar nasara tare suka rera ta, sura 5 da sunayensu biyu ta fara. Ni ban ma yarda da masu ce masa matsoraci ba. Mutumin da ya ce ba zai fita ba sai da mai ɗauke da maganar Allah a gefensa, ya san abin da yake yi. In ana neman waɗanda suka noƙe, waƙar ta kira su da suna, kabilun Isra'ila uku da wani wuri mai suna Meroz: Ra'ubainu ya zauna cikin garken tumaki yana ta shawara, Dan ya tsaya wurin jiragen ruwa, Ashiru ya zauna a bakin teku, Meroz kuwa la'ana aka yi mata.

Ɗan Kwaya: Na janye kura, Baba. Amma sunan nata dai babu a jerin.

Malam Na Tsangaya: Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, Hausar ce ta kawo ni. A wurinmu mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ba a yi annabi mace ba, suna kafa hujja da aya ta 109 a Suratu Yusuf, ko da yake Ibn Hazm na Andalus ya ce mace tana iya zama annabiya, ya kuma lissafa Nana Maryamu da mahaifiyar Annabi Musa. Wannan ban zo ja a kansa ba. Game da karin maganar, ina bayan Gwaggo a rabi. Maganar tana buƙatar abu biyu kafin ta zauna daidai: mace ɗaya, da manyan maza masu muƙami da yawa a wuri ɗaya. In babu rawunan a fili, an yi amfani da ita ne kawai don daɗin baki. A littafinku akwai wadda manya suka kewaye haka?

Auta: Akwai, Malam, kuma yanzu na ga inda maganar za ta fi zama. Annabiya Hulda ce, 2 Sarakuna 22. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, wajen 622 kafin haihuwar Almasihu, ana gyaran Haikali a Urushalima aka tsinci littafin Shari'a. Da aka karanta wa sarki sai ya yayyage tufafinsa, ya tura manya biyar su nemi nufin Ubangiji: Hilkiya babban firist, Ahikam, Akbor, Shafan magatakarda da Asaya baran sarki. Wurin Hulda suka je, matar Shallum mai kula da ɗakin tufafi. Irmiya yana raye ya riga ya fara annabci, amma ƙofarta suka ƙwanƙwasa. Ta ce su gaya wa mutumin da ya aiko su masifa na zuwa a kan wurin nan, amma shi sarki ba zai gan ta da idonsa ba saboda ya ƙasƙantar da kansa. Rawani biyar, kallabi ɗaya, a ɗaki ɗaya.

Gwaggo Mai Ɗinki: Nan ma su ne suka je wurinta, Auta. Hujjarka ta ɗazu ta biyo ka.

Auta: Ta biyo ni, amma aƙalla akwai rawunan da za a ƙirga.

Baba Dattijo: Ku yara kuna matse magana har ta rasa ruwa. Malaman Yahudawa ma sun lura mace ce a aikin da maza suka saba yi. A Talmud, babban littafin koyarwarsu, sun lissafa annabawa mata bakwai, Saratu, Maryamu 'yar'uwar Musa, Debora, Hannatu, Abigiyel, Hulda da Esta, sun kuma ce Debora ta zaɓi gindin dabino ne a fili don kada ta keɓe da namiji a ɗaki. Ke nan ko su sun ga kallabin.

Gwaggo Mai Ɗinki: Sun gani, Baba, amma su suka zo da bayanin daga baya. Ita da bakinta a waƙar, aya ta 7, ta ce ƙauyuka sun zama kufai har sai da ta tashi, uwa a Isra'ila. Ba ta gwada kanta da maza ba. Ni in ni ce Maman Tagwaye, da abin da ta kira kanta zan sa.

Maman Tagwaye: "Uwa a Isra'ila" ta kwanta mini, Gwaggo, sai dai matan da ba su haihu ba a cikinmu kada su ji an ware su.

Gwaggo Mai Ɗinki: Ai littafin bai ambaci ko ɗa ɗaya na Debora ba. Ki fara da wannan.

Malam Na Tsangaya: Baba Dattijo, ni tambaya ta rage mini. A yankinku ana yi wa mace wannan kirari in tana ji, ko sai bayan idonta? A namu na fi jin sa a bakin maroƙa da masu gabatar da taro, tana zaune.

Baba Dattijo: Tana ji mana, Malam. Wani lokaci ma ita ke biyan maroƙin.