Sarautar Luwis na 14: kama-karya za mu ce ko wuƙa da nama?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu fassara da malaman tarihi. Abin da ke gabanmu shi ne sunan da za mu raɗa wa irin sarautar da Turawa ke kira absolute monarchy, wadda ta yi tashe a Turai tsakanin ƙarni na 16 da na 18. Na karanta shawarwarinku kaf, ga inda na tsaya.

Kan rabin sunan babu gardama: sarauta ko mulukiya, duk wadda aka ɗauka ta yi. Rigimar tana kan sifar da za a liƙa mata.

Mafi yawanku "mulkin kama-karya" kuka ce. Malam da ya fara kawo ta, Allah ya ƙara sani, amma a nan na saɓa da kai. A kunnen Bahaushe, ɗan kama-karya shi ne wanda ya kame gidan rediyo da asuba, ya jingine tsarin mulki, ya shiga mulki da bakin bindiga. Luwis na 14 na Faransa, wanda da shi ake buga misali, bai ƙwaci komai ba. Gadon ubansa ya hau a 1643 yana ɗan shekara 4, aka yi masa naɗi a cocin Reims a 1654, ya shekara 72 a kan karaga. Masanan da suka kare wannan tsari ma, irin su Jean Bodin da ya yi rubutu a 1576, sun dage wajen raba sarkinsu da azzalumi. A wurinsu sarki ya fi ƙarfin dokar da shi ko magabatansa suka kafa, amma bai fi ƙarfin dokar Allah da dokokin asali na masarauta ba. In muka ce kama-karya, mun yanke wa ɗalibi hukunci tun bai ji shari'ar ba.

To me Luwis ya yi da ya bambanta? Da waziri Mazarin ya mutu a 1661, sai ya ce ba zai sake naɗa babban waziri ba, shi zai riƙe al'amura da kansa. Kafin shekarar ta ƙare ya sa an kama ma'ajin ƙasa Fouquet. Majalisar wakilan ƙasa, mai haɗa malaman coci da manyan gida da sauran jama'a, bai taɓa kiranta ba. Rabonta da zama tun 1614, ba ta kuma sake zama ba sai 1789. Manyan kotunan da ke yi wa dokar sarki rajista kuwa, a 1673 ya ce musu rajista tukuna, ƙorafi daga baya. Larduna ya tura musu wakilan da shi ke naɗawa shi ke tuɓewa. A 1682 ya ƙaura da fada zuwa Versailles, inda manyan gidan da iyayensu suka yi tawaye tsakanin 1648 da 1653 suka koma gasar wanda zai miƙa wa sarki riga da safe.

Duk wannan abu ɗaya ne: ya daina raba yanke hukunci da kowa. Hausa kuwa ta daɗe da sunan mutumin da ke wannan matsayi. Shi ke da wuƙa da nama.

Saboda haka shawarata "sarautar wuƙa da nama". Mai ita "sarki mai wuƙa da nama". In ana maganar ra'ayin masu kare ta, "aƙidar wuƙa da nama".

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne mai wuƙa da nama shi ke rabo, amma ba a ce shi ke da saniyar ba. Luwis ya gwada wannan iyaka. A 1714 ya yi doka cewa 'ya'yansa biyu da ya haifa ba ta hanyar aure ba za su iya gadon sarauta in zuriyar halal ta ƙare. Ya mutu ranar 1 ga Satumba 1715, washegari kotun Faris ta yi fatali da muhimman sharuɗɗan wasiyyarsa, a 1717 aka soke waccan dokar, da hujjar cewa sarki ba shi da ikon kyautar da kambi. Tun yana raye ma, alƙalai da yawa sayen kujerunsu suka yi, suna kuma gadar wa 'ya'yansu, ba ya iya korarsu yadda ya ga dama. Larduna irin su Languedoc da majalisunsu ake zama a daidaita kuɗin da za su bayar.

Kada a ɗauka wanke shi nake yi. A 1685 ya soke dokar 1598 da ta ba Kiristoci 'yan Furotesta damar ibada, an zuba wa gidajensu sojoji, dubun-dubatarsu suka tsere zuwa Holan da Ingila da Jamus. Zalunci ne, kuma da sunansa za mu kira shi. Amma sunan aiki daban, sunan tsari daban.

Sauran shawarwarin a gurguje. "Mai cikakken iko" ta riga ta yi aure: da ita muke kiran zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, da ita muke kiran ƙasa mai 'yanci. "Mulkin mallaka" ta Turawan mulki ce. "Fir'aunanci" zagi ne. "Mulkin sarki shi kaɗai" ta kusa, sai dai Luwis kusan kullum yana zama da majalisun shawara. Ji yake yi, sannan ya yanke.

Na gwada "wuƙa da nama" a wasu ƙasashe, ta zauna. A Denmak, dokar sarauta ta 1665 ta damƙa wa Frederik na 3 wuƙa da nama a rubuce, amma ta hana shi barin ɗariƙar Lutheran ta Furotesta ko raba ƙasar. A Ingila, Charles na 1 ya yi shekara 11 daga 1629 bai kira majalisa ba, ya nemi haɗa wuƙa da nama, majalisa ta ƙi sakin haraji, rikicin ya kai ga fille masa kai a 1649.

Hajiya daga Damagaram ta ce kalmar ta yi kama da hirar kasuwa, ba za ta dace da littafin makaranta ba. Hajiya, na ji ki, amma ita kanta kama-karyar daga bakin mutane ta fito kafin 'yan jarida su ɗauka, yau ga ta a labaran ƙarfe bakwai ba mai cewa uffan. Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne tsawonta. A kanun labari ana iya cewa "sarki mai wuƙa da nama" a tsaya nan.

Saura Rasha. A 1721 Bitrus Babba ya soke kujerar shugaban cocin ƙasar, a 1722 ya yi dokar da ta ba sarki damar zaɓar magajinsa da kansa, wato ainihin abin da ya gagari Luwis. A ganina wannan ya wuce wuƙa da nama, kuma kalmarsa daban za mu nema. Malam, wataƙila a nan ne kama-karyarka za ta sami gurbi. Ina jiran ra'ayinku.