Me ya sa ƙungiyoyin malamai ke adawa da shigo da kamfani makarantun gwamnati?

Baban Zainab:

Assalamu alaikum. Jihohi na ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin NewGlobe, uwar kamfanin Bridge mai gudanar da makarantun kuɗi. Edo ta fara da shirin EdoBEST a 2018, Legas ta biyo da EKOEXCEL, sai Kwara da Bayelsa. Makarantar tana nan a hannun gwamnati, ba a karɓar kuɗin makaranta, albashin malamai ma gwamnati ke biya. Kamfani kawai ya kawo tablet da darussa da masu sa ido. To mene ne abin ƙi a nan? Kuma in aka kawo irinsa jiharmu, me ya kamata 'yan SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, su tambaya kafin su yi na'am?

Tsohon Sufeto:

Wa alaikumus salam. Baban Zainab, ka dubi Laberiya, domin can ne aka gwada abin kuma aka auna shi da kyau.

A 2016 ministan ilimi George Werner ya so ya damƙa wa Bridge makarantun firamaren ƙasar. Ƙungiyar malaman Laberiya ta tayar da ƙayar baya, sai gwamnati ta rage abin zuwa gwaji: makarantu 93 aka raba wa masu gudanarwa takwas, aka bar kusan adadinsu a hannun gwamnati don kwatantawa. Ƙuri'a ce ta zaɓi makarantun, ba son ran wani ba, shi ya sa ake ɗaukar sakamakon da muhimmanci.

Yara sun ƙaru da karatu a shekarar farko, wannan ba a musu. Matsalar tana cikin yadda aka samu ƙarin. A lokacin gwamnati na kashe kimanin dala 50 kan kowane yaro a shekara, aka tsara ƙara wata 50 ga masu gudanarwa. Bridge kuwa ta kashe sama da dala 600 kan kowane yaro a wannan shekarar, da kuɗin masu ba da tallafi. Wace ma'aikatar ilimi ce za ta iya riƙe wannan idan masu tallafi suka janye?

Abu na biyu ya fi ciwo. Sauran masu gudanarwa ana biyan su ne bisa yawan yara, Bridge kuma aka yi mata kwantiragi daban, ana biyan ta kuɗi a dunƙule ba bisa yawan yara ba, tare da izinin ƙayyade yawan yara a aji. Sai aka sallami yara daga azuzuwan da suka cika, aka kuma ɗage malamai masu yawa da kamfanin bai gamsu da su ba. Yaran da malaman ba ɓacewa suka yi ba, makarantar gwamnati ta maƙwabta ce ta kwashe su, wasu yaran kuma suka zauna a gida. Makarantar kamfani ta yi kyau a takarda, ta kusa da ita ta ɗauki nauyin. Da aka sake aunawa bayan shekara uku, ƙarin karatun bai wuce inda ya tsaya tun shekarar farko ba.

Malama Hadiza:

Ranka ya daɗe Sufeto, ka gama maganar kuɗi, bari in taɓa cikin aji.

Ana rubuta darasin ne a ofis, kalma bayan kalma, har da inda malami zai ce yara su maimaita da mintin da zai ɗauka. Da safe malami ya haɗa tablet ɗinsa da wayar hedimasta, a nan ake ɗaukar zuwansa, darussa su sauko, bayanan jiya su hau. Na'urar na rubuta lokacin da ya buɗe darasi da lokacin da ya rufe. Ka ga ke nan abin da ake aunawa shi ne ko malami ya kai ƙarshen shafi, ba ko yaro ya gane ba. Idan rabin aji bai fahimci ragewa da aro ba, malamin da ya tsaya ya maimaita shi ne zai fito a rahoto a matsayin wanda bai kammala darasi ba. Ba a daɗe sai kowa ya koyi danna shafi ya wuce.

Sai yawan yara. Darasin da ya ce malami ya zagaya ya duba littafin kowa cikin minti biyar an rubuta shi ne don aji mai yara arba'in a kan benci. A ajin da ya haura ɗari, a ƙasa, ba ma hanyar da malami zai bi ya kai baya.

Ga harshe. Darasi da Turanci ga ɗan aji ɗaya da bai taɓa jin komai ba sai Hausa ko Fulatanci, zai amsa da ƙarfi tare da 'yan aji, ka ɗauka ya iya, amma ka nuna masa harafi shi kaɗai ya yi shiru. Caji kuma, a ƙauyen da babu wuta, daga aljihun wa yake fitowa? A tambaya. A tambayi kuma kwana nawa ake yi kafin a musanya tablet ɗin da ta fashe, domin malamin da aka karɓe masa tsarin darasinsa, ranar da na'ura ta mutu ba shi da abin koyarwa.

Abu Hanifa:

Malama, ina tare da ke a wasu, amma kada mu zubar da jariri tare da ruwan wanka. Michael Kremer, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, ya fitar da bincike a 2022 kan makarantun Bridge a Kenya, ya tarar 'yan firamare sun samu ƙarin karatun da ya kusa na shekara guda cikin shekara biyu. Rubutaccen darasi yana taimakon malamin da horonsa ya yi rauni, kuma mun san akwai su da yawa.

Sai dai waɗancan makarantun kuɗi ne, kamfanin ke ɗaukar malamansa ya kore su. Kuma ba dole sai da kamfani ake samun jagoran darasi ba. Kenya ta yi shirin koyar da karatu na Tusome daga 2015 a makarantun gwamnati da jami'anta na sa ido. A nan gida an yi shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an yi RANA a Katsina da Zamfara, da Hausa, a kan takarda, littattafan kuma suka zauna a hannun jiha.

Hajiya Mairo:

Baban Zainab, tambayarka ta biyu ce ba a amsa ba. Ku nemi kwafin kwantiragin a rubuce daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ku aika kwafin wasiƙar ga shugaban kwamitin ilimi na majalisar jiha da reshen NUT, ƙungiyar malamai ta ƙasa. In aka ce sirrin kasuwanci ne, wannan kaɗai amsa ce.

Idan ya zo hannu, ku fara da layin biya: nawa kan kowane yaro a shekara, da naira ne ko da dala, kuma da wace ƙidaya, ta rajista ko ta masu zuwa aji? Ku ga daga ina kuɗin ke fitowa. In daga kason UBEC ne, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, da jiha ta zuba nata, to gini da benci da horon malamai ne suka ragu. In rance ne, jiha za ta ci gaba da biya bayan na'urorin sun mutu.

Wanda aka fi mantawa shi ne mallakar darussan. Idan na kamfani ne ana haya, ranar da kwantiragi ya ƙare an kulle tablet, jiha ta koma inda ta fara. A rubuta cewa darussa da bayanan yara da na malamai mallakar jiha ne, a miƙa su ta yadda za a iya bugawa a takarda, kuma riƙe bayanan ya bi dokar kare bayanai ta 2023. A rubuta cewa ba za a mayar da yaro gida don aji ya cika ba, kuma ɗage malami sai ta hanyar SUBEB da LGEA, hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Awon karatu kuma a ba wani daban, kamar tsangayar ilimi ta jami'a, ya gwada yara kafin a fara, a makarantun shirin da waɗanda ba sa ciki, ya kuma bi sunayen da ke rajistar farko ko da sun bar makarantar.

Tsohon Sufeto:

Hajiya, a ƙara da wa'adin fita: wata nawa kamfani zai ba da sanarwa kafin ya janye, da jami'an SUBEB nawa zai horar su riƙe na'urar bayanan kafin lokacin.