Gilashin mota na yin gumi ta ciki a lokacin sanyi, ta ina za a fara?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Mota ce da ke kwana a waje, in sanyi ya tsananta sai a wayi gari gilasanta sun yi gumi ta ciki, har ruwa na gangarowa kan dashbod, wani lokacin ma ya daskare. Ko an goge, kafin minti 5 ya dawo. Akwai kuma warin danshi. Me ke jawo haka?

Mai_Gyaran_AC:
Wa alaikumus salam Malam. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya riƙe tururi. A digiri 20, kubik mita ɗaya na iska (mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi) na ɗaukar kusan giram 17 na ruwa, a digiri 0 kuwa bai kai giram 5 ba. To in iskar cikin mota ta taɓa gilashi mai sanyi, sai ta sauke rarar a kansa, kamar raɓa a kan ciyawa. Saboda haka goge gilashi ba ya fitar da ruwan, daga gilashi ya koma tsumma, tsumman kuma yana nan cikin motar.

In ka tada mota: juya iska zuwa gilashin gaba, ƙure fanka, kunna hita, sannan ka kunna AC tare da ita. Mutane na mamakin wannan, amma AC ba sanyaya iska kaɗai take yi ba, tana matse mata ruwa ta zubar a ƙasan mota, hita kuma ta ɗumama busasshiyar iskar. Sai babban kuskuren da aka fi yi, wato barin maɓallin nan mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya a ciki a kunne, wanda ke hana iskar waje shiga. Kashe shi. In yana kunne, numfashinku ne ke ta zagayawa. Ka sani kuma a motoci da yawa kwampiresar AC na ƙin tashi in sanyin waje ya sauka kusa da digiri 3, don kada ruwa ya daskare a cikin na'urar. A irin wannan rana hita da iskar waje ne abin dogaro, ka sauke gilasan gefe kamar faɗin yatsa biyu.

Tsohon_Bakanike:
Bayanin ɗan'uwa daidai ne, amma ni warin nan ya fi ɗaukar hankalina. Motar da ke zubar da ruwa ta ciki tun kafin kowa ya shiga, akwai inda ruwa ya kwanta. Ɗaga tabarmar ƙafa, ka danna kafet da tafin hannu sosai, gaba da baya. Sama na iya zama a bushe alhali soson da ke ƙasa ya sha ya ƙoshi. Buɗe but, ciro safaya taya, ka leƙa ramin.

Wuraren da na fi zargi, a jere: magudanan da ke ƙarƙashin robar waifa, waɗanda ganye ke toshewa har ruwa ya malala ta hanyar iskar hita, bututan fitar da ruwa na tagar rufi, yawanci guda 4 ne, ɗaya a kowace kusurwa, ledar da ke bayan murfin ƙofa in ta ɓalle, ƙananan ramukan ƙasan ƙofa, sai robar fitilun baya. Gwajin robar bakin ƙofa mai sauƙi ne: rufe ƙofar a kan takarda ka ja, in ta zare ba wuya, robar ta mutu a wurin. In za a gwada da tiyo, mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, a fara zuba ruwa daga ƙasa ana hawa sama a hankali. Wanda ya fara daga rufi ba zai taɓa gane ta inda ya shiga ba. Kuma kada a zura waya mai tauri a bututun tagar rufi, tana huda shi ko ta zare shi daga mazauninsa.

Mai_Tambaya:
Allah ya saka da alheri. Yallaɓai, in kafet a bushe yake fa, amma gilashin na yin wani maiƙo-maiƙo da ba ya gogewa?

Tsohon_Bakanike:
To duba ruwan lagireto lokacin da injin ya huce. In yana raguwa ba ka ga inda yake ɗiga ba, ga ƙamshi mai zaƙi-zaƙi in an kunna hita, ƙaramin lagireton hita da ke cikin dashbod ne ke yoyo. Wannan babu dabara sai canji, kuma kada a ja lokaci, tururin ba na shaƙa ba ne. In ruwan bai ragu ba, datti ne da hayaƙin robar dashbod, wanki yake so. Duba filtar iska ma, galibi tana bayan akwatin dashbod na gefen fasinja. Jiƙaƙƙiya ko toshasshiya na kashe ƙarfin fanka, a canza ta duk shekara ko bayan kilomita 15,000 zuwa 20,000.

Direban_Dogon_Zango:
In ƙara kan busarwa, don toshe ɓaraka rabin aiki ne. Soson ƙasan kafet ba ya bushewa da hita kawai, sai an ɗaga kafet an tokare shi, an zuƙe ruwan, an sa masa fanka kwana 1 ko 2. In aka bar shi, sai fumfuna da tsatsa, ga mahaɗan wayoyi da ke bi ta ƙasan kujeru.

Bayan nan jakar silika, wato ƙwayoyin tsotse danshi, mai giram 500 zuwa kilo 1 a kan dashbod na taimakawa da dare, in ta cika a busar da ita yadda aka rubuta a jiki. Robobin nan masu farin gishirin tsotse danshi ban ba da shawararsu a motar da ake hawa ba, ruwan da suke tarawa na cin ƙarfe in ya kife. Kada laima, jiƙaƙƙiyar riga ko tabarma mai ƙanƙara su kwana a ciki. Kafin a kulle mota da yamma, a buɗe ƙofofi minti 1 ko 2 iskar ɗumi ta fice. Gilashin baya kuma a goge shi ta kwance, bin layukan zafin nan, don in ɗaya ya tsinke wurin ba zai ƙara washewa ba.