Sabon shiga golf: in sayi cikakken saiti? Kuma me ke karkatar da ƙwallona dama?

Sabon_Shiga_KD:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana golf, ko ƙwallon lambu kamar yadda 'yan jarida ke ce masa. Wata guda ke nan ina atisaye a Kaduna da sandunan aro, kuma da hannun dama nake bugu. An kawo mini saiti na hannu, sanduna 14, ƙotarsu ɗauke da harafin S. In saya? Na biyu, duk sanda na buga da direba, wato doguwar sandar bugun nesa, sai ƙwallon ta tashi kamar abin kirki, sannan ta yi kwana zuwa dama. Da ayan kuma, wato sandunan nan masu siririn kan ƙarfe, ko in sari ƙasa ko in daki kanta ta yi ta mirgina.

Kadi_Na_Da:
Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Sanduna 14 iyaka ce da doka ta sa, ba sharaɗin shiga fili ba. Shida ko bakwai sun ishe ka shekarar farko: direba, haibirid ɗaya (sanda ce tsakanin direba da ayan), ayan mai lamba 7 da mai lamba 9, weji na fiting (na ɗaga ƙwallo a gajeren zango), weji na yashi (na fitar da ita daga cikin yashi), sai fota (ta mirgina ta zuwa rami). Ayan 3 da 4 da ke cikin wancan saitin kaya ne kawai a kafaɗa, fuskarsu a miƙe take, ɗaga ƙwallo da su sai hannun da ya faɗa.

Abin dubawa a kowace sanda shi ne kwanciyar fuska, wato digirin da ta jingina baya. Direban sabon shiga ya zama 10.5 zuwa 12, kada ka yarda da mai 9. Ayan 7 yana tsakanin 30 da 34, weji na fiting 44 zuwa 48, na yashi 54 zuwa 56. Nemi ayan mai rami a bayan kai. An tura nauyinsa gefe-gefe, ko ba ka sami tsakiyar fuska ba ƙwallon za ta tafi. Mai sumul ɗin baya na ƙwararru ne, ba ya yafiya.

Harafin ƙota kuwa ƙarfinta yake nunawa: L, A, R, S, X, daga mai laushi zuwa mai tauri. Yawancin maza masu farawa R ne daidai da su. Idan ƙota ta fi ƙarfin saurin hannunka, ƙwallon ba ta tashi sosai, kuma tana iya ƙara maka wannan kwanan na dama.

Kayan hannu ba laifi ba ne, amma jabu ya yi yawa. Ɗora maganaɗisu a fuskar direba. Titaniyam ba ya kama shi, in ya manne to ƙarfe aka shafa wa fenti. Duba robar mariƙi, in ta yi santsi ko ta tsage a canja ta.

Hajiya_Fa4:
Kadi ya gama maganar kaya, amma ɗan'uwa ko sandar zinari aka ba ka wannan kwanan ba zai bari ba sai ka gyara riƙo. Ƙwallo tana karkacewa dama ne idan fuskar sanda a buɗe take a kan hanyar da kan sandar ya bi lokacin haɗuwa. Galibi abu biyu ne ke haɗuwa: riƙon da ke barin fuska a buɗe, da saukowar da ke yanko ƙwallon daga waje zuwa ciki.

Fara da hannun hagu. Sandar ta kwanta a gindin yatsu, ba a tsakiyar tafi ba, tsokar gindin tafin ta hau kanta. In ka duba ƙasa ka ga ƙullin yatsu biyu ko uku a bayan hannun. In ɗaya kake gani, ga ɓarawonka nan. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta nuna kafaɗarka ta dama, haka ma ta hannun dama. Wajen haɗa hannuwan, ko ka ɗora ƙaramin yatsan dama a kan tsakanin manuni da na tsakiyar hagu, riƙon da ake jingina wa tsohon gwanin golf Harry Vardon, ko ka sarƙe su kamar yadda gwanaye irin su Jack Nicklaus da Tiger Woods ke yi. Duk wanda ya zauna maka. Kada dai ka shaƙe sandar har jijiyar hannu ta fito, wuyan hannu ba zai saki ba.

Tsayuwa: ƙafafu faɗin kafaɗa, ka sunkuyo daga kwankwaso ba daga gadon baya ba, gwiwa ta ɗan saki, hannuwa su rataya da kansu. Saiti kamar layin dogo ne. Ƙwallo da inda kake nufi suna kan ƙarfe ɗaya, yatsun ƙafarka da ƙugu da kafaɗu suna kan ɗayan. Ajiye sanda a ƙasa ta nuna maka, don ido yana ƙarya. Masu wannan matsalar sukan ƙara juyawa hagu wai su rama, alhali hakan ƙara yankan yake yi.

Yanzu batun sarar ƙasa da dukan kai. Uwarsu ɗaya: nauyinka yana zama a ƙafar dama, kana ƙoƙarin kwaso ƙwallon sama kamar da ludayi. Ɗagawa aikin fuskar sanda ne. Da ayan, ƙwallo ake fara samu sannan ƙasa, shi ya sa ɓawon ƙasar da gwanaye ke cirewa a gaban inda ƙwallon take yake fitowa. Ja layi a ƙasa, ka yi ta bugu ba ƙwallo har sara ya riƙa sauka gaban layin. Sannan ka shimfiɗa tawul kamar inci 4 bayan ƙwallon, in ka taɓa shi ka sauka da wuri.

Ajiye direba mako uku ko huɗu. Ɗauki ayan 7, ƙwallo a tsakiyar ƙafafu ko gaba kaɗan, ka yi rabin ɗauka, hannun hagu ya tsaya daidai da ƙasa. Ka ƙirga uku wajen ɗauka, ɗaya wajen saukowa. A ƙarshe nauyi ya koma ƙafar hagu, kan bel ɗinka yana kallon inda ka nufa, diddigen dama a ɗage, ka tsaya haka daƙiƙa uku ba tangaɗi. Ƙwallo 50 da natsuwa sun fi 200 na fushi.

Sabon_Shiga_KD:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. To in na koma kan direba fa, duk haka ne?

Ɗan_Rayfield:
Riƙon ɗaya ne, wurin ƙwallon ne ya bambanta. Ka sa ta daidai cikin diddigen hagu, ka ƙara buɗe ƙafa, ka kafa tsinken ɗora ƙwallo yadda rabinta zai leƙo saman kan direban. Nan ba sara ake yi ba, shara ce, sandar tana kan hanyar hawa take samun ƙwallon. Don maganin yanka, ajiye murfin direba a waje da ƙwallon, ɗan baya kaɗan. In ka sauko daga waje za ka doke shi.

Inda na saɓa da Kadi: ni da zan cire direban ma daga jerin farko, in sa katako mai lamba 5, wato sanda mai kama da direba amma kanta ƙarami. Ya fi gajarta, ya fi kwanciyar fuska, kuma da hunturu filayenmu na Arewa sun bushe ƙwallo gudu take yi a ƙasa, tazarar da ka rasa a sama za ka same ta a mirgina. Wannan taurin ƙasar kuma shi ke sa weji na yashi mai faɗin gindi ya yi tsalle ya daki cikin ƙwallo. A busasshen wuri kusa da rami, tura ta ƙasa-ƙasa da ayan 8 ko 9, ko ma da fota. Musamman a filayen da yashi aka daddaɓe a kewayen ramin maimakon ciyawa.

Ƙwallo ka sayi mai arha, mai kashi biyu, ciki da ɓawo, don za ka zubar da su da yawa, kuma tun 2019 minti 3 kawai doka ta ba ka na neman wadda ta ɓata. Safar hannu ɗaya, ta hagu. Kada ka bar jakar a but ɗin mota cikin zafin Maris da Afrilu, roba tana bushewa, gam ɗin da ya riƙe kan sanda yana saki.

Kadi_Na_Da:
Na yarda da katako 5. Amma Malam, kafin ka ba kowa kuɗin sanda, biya kocin kulob ɗinku darasi uku ko huɗu ya ga riƙonka da idonsa. Wancan saitin mai S kuma ka ce a kawo ayan 7 ɗinsa fili, ka buga goma da shi, goma da mai R, ka ga wanne ya fi ɗaga maka ƙwallo.